Firji ba wurin kwamfuta ba ne

Tambaya: Malam, na ji RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ya fi aiki cikin sanyi. In riƙa saka kwamfutata a firji kafin in kunna?

Kada ka kuskura. Kana fito da ita raɓa za ta kwanta a kan allon ciki, kana kunnawa wuta ta haɗu. Sanyin da masana ke nufi na ruwan nitirojin ne, digiri 196 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius. Firjinka ko hanyar bai kama ba.

Tambaya: Kwamfutata tana zafi, ina tsoron kundin digirina ya ɓace.

Kwantar da hankalinki, 'yata. RAM yana riƙe bayani ne da ɗan cajin da ke zurarewa, shi ya sa a nau'in RAM da ake kira DDR4 ake sabunta cajin duk milisakan 64, kuma an ƙera shi ya jure har digiri 85. Kundinki kuwa, in kin adana, yana faifan ajiya. Ki kaɗe ƙurar fanka, ki ajiye kwafi a wani wuri yau ɗin nan.

Tambaya: Wani mai sayarwa ya ce an tsoma RAM ɗinsa a ruwan nitirojin, don haka ya fi tsada. In saya?

Riƙe kuɗinka. Gaskiya ne sanyi yana rage zurarewar caji. A 2008 masu bincike a Jami'ar Princeton sun nuna cewa RAM mai sanyi yana riƙe bayani na mintoci bayan an kashe wuta, abin da ya fi amfanar ɓarawon bayanai. Amma amfanin yana nan ne muddin sanyin yana nan. Da ya ɗumama, ya koma yadda yake. To me kake saya?

Abin da ke ba ni haushi ke nan. A ɗauko tsohon kaya, a lulluɓe da murfin ƙarfe mai ƙyalli, a manna sabuwar takarda, ku kuma ku yi ta rububi. Murfin nan sau da yawa ɓoye lambar da ke jikin ƙananan guntayen lantarki na RAM ɗin yake yi. Kafin ka biya, a saka shi a gabanka, ka duba girmansa da gudunsa da manhajar CPU-Z, a gwada lafiyarsa da manhajar MemTest86. Wanda ya ƙi gwaji, ka san abin da yake ɓoyewa.

Masu gasar gudun kwamfuta da ke kwarara nitirojin don sanyaya ta kuwa, sun san yana ƙona fata, yana korar iskar shaƙa a rufaffen ɗaki. Kada in ji wani ya gwada a gida.