Babur ɗin ƙanƙara yana zafi a tsakiyar hunturu: wane makankari ya dace?

Tambaya: Malam, ina zaune a Winnipeg da ke Kanada, kuma bana na sayi babur ɗin ƙanƙara na hannu, ƙirar Ski-Doo mai dogon bel (faffaɗar robar da ke juyawa a ƙarƙashinsa tana tura shi), don zuwa kamun kifi a kan tafkin Winnipeg. Sau biyu ke nan fitilar zafi tana kamawa ina tsakiyar tafki, har na ji warin roba. Wani ya ce in sa makankarin ƙanƙara, wato ƙarfen da ke kankaro ƙanƙara yana watsa wa bel, wani kuma ya ce asarar kuɗi ce, tunda sanyin garin nan kaɗai ya isa ya huce inji. Hankalina ya tashi, domin da ɗana nake fita.

Amsa: Ɗan'uwa, tashin hankalinka yana kan hanya, kuma ina roƙonka kada ka sake fita da yaron nan sai ka gyara wannan matsala.

Zan fara da maganar mutum na biyu, domin kusan kullum sai na ji ta a gareji, kuma ta kashe injuna da yawa. Iskar waje ba ita ke huce irin injinka ba, ko da sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifili. Injin a rufe yake, kuma ruwansa yana zagayawa ne ta cikin faifan alminiyam da ke ƙarƙashin kujera, daidai saman bel. Bel ɗin ne ke kwaso dusar ƙanƙara yana watsa wa faifan, ita kuma tana narkewa tana tafiya da zafin. A kan tafkin da iska ta share, ko hanyar da ta daskare ta yi tauri da sassafe, babu abin da bel zai kwaso, sai faifan ya bushe, zafi ya yi ta hawa alhali kai hannunka na neman sandarewa. Warin da ka ji kuwa daga dogayen robobin da bel ke zamewa a kansu ya fito, domin su ma dusar ce man shafawarsu. An taɓa kawo mini babur da robar ta narke ta manne da bel bayan mai shi ya tsaya, sai da muka sa ƙarfe muka ɓamɓare ta. Naka kuwa mai dogon bel an ƙera shi ne don dusa mai zurfi, saboda haka ya fi sauran saurin zafi a kan dandagaryar ƙanƙara.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne shawarwarin da ke biyo bayan wannan kuskure. Wani zai ce ka ƙara gudu iska ta shiga, alhali gudu a kan busasshiyar ƙanƙara wuta yake ƙara wa inji da robobin. Wani zai ce ka cire tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwan inji hanya idan ya yi zafi, irin yadda wasu makanikanmu na gida suke yi wa motoci, kamar dai tamostat ɗin ne ya hana dusa isa ga faifan. Mafi muni shi ne mai cewa ka buɗe murfin ruwa ka ƙara ruwan gora. Ruwan da ke ciki yana cikin matsi, zai iya feso maka a fuska ya ƙona ka, kuma ruwa zalla zai daskare da dare ya fasa abin da yake ciki. Idan inji ya buga a cikin gari, kuɗi ka yi asara. Idan ya buga kana nesa da gaɓa, rana ta kusa faɗuwa, ga yaro a bayanka, maganar ta koma ta rai.

Makankari ƙarfe ne mai tsini da ake ɗaurawa a gefe biyu, yana jan ƙasa yana tayar da garin ƙanƙara zuwa cikin bel. Iri-iri ne: mai sifirin sanda ce mai tauri da ke danna ƙanƙara da ƙarfi, kuma a ganina ya fi yin feshi a kan tafkin da ya daskare sosai. Aibinsa shi ne a yawancinsu, idan ka manta ka sa ribas yana ƙasa, zai lanƙwashe ko ya karye, kuma na ga wanda ya shiga cikin bel ya yaga shi. Mai kebul yana lanƙwasa ya koma daidai, saboda haka ribas ba ya cutar da shi, sai dai dannawarsa ba ta kai ta mai sifirin ba, kuma kebul mai arha yakan saki da daɗewa ya riƙa shafar ƙanƙara kawai. Akwai kuma wanda ake ɗaurawa a ƙafafun gaba, amma na jikin sandar bel, wato sandar da robobin nan ke manne da ita, ya fi kusa da inda ake bukatar feshin.

Tunda mai kamun kifi ba ya rabuwa da ribas wajen juyawa kusa da rami da bukka, kai mai kebul mai kauri zan zaɓa maka, wanda tsininsa na kabaid ne, wato ƙarfe mai tsananin tauri, kuma ana iya kwance tsinin a sauya idan ya cinye. Ka duba tsawon ya dace da tsayin haƙoran belinka, domin gajeren makankari a kan bel mai dogayen haƙora da ƙyar zai taɓa ƙasa. Ka ɗaura shi ta gaban sandar don feshin ya bi bel ɗin gaba ɗaya, ka ɗaure notin da man hana kwancewa, sannan ka rataye shi a ƙugiyarsa duk lokacin da za ka hau tirela ko ka tsallaka kwalta.

Kafin ka saya, ka duba robobin nan ko sun cinye sun kai layin da aka yi musu alama, ka duba yawan ruwan inji da safe kafin ka tayar, ka kuma tabbata labulen robar da ke bayan babur yana nan, domin shi ke mayar da feshin zuwa kan faifan. Idan fitilar ta sake kamawa, ka nufi inda dusa ta taru ka bi ta ciki, in kuwa babu, ka kashe inji ka ɗebo dusa ka tara a bayan kujera da kan matakan ƙafa, ka jira fitilar ta mutu kafin ka ci gaba.