Tambayoyinku kan waya: taswirar da ke yi wa mai keke jagora ko babu rezo

Tambaya daga wani mai karatu a unguwar Birni, Damagaram: Assalamu alaikum. Mu matasa ne masu fita da kekuna ran Lahadi, wani lokaci mu je Mirriya, wani lokaci mu bar gudron mu shiga ƙauyukan wajen Durum. Da mun ɗan yi nisa sai rezo ya ɗauke, Google Maps ta tsaya cik. Wace manhaja za mu saka da ke aiki ba intanet?

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan rezo ya ɗauke, hoton taswira ne ke ɓacewa, amma wayar ba ta manta inda take ba. Tana gane wurinta ne ta hanyar sauraron taurarin ɗan'adam na GPS da ke shawagi a nisan kilomita kusan 20,000 daga ƙasa, kuma da ta kama huɗu daga cikinsu magana ta ƙare. Wannan ba ya buƙatar sim, ba ya cin mega ko ɗaya. Abin da ya rage kawai shi ne taswirar ta kasance a ajiye cikin wayar tun daga gida.

Google Maps tana bari a sauko da taswirar yanki, sai dai in babu intanet hanyar mota kaɗai take fitarwa, ba ta lissafa ta keke ko ta ƙafa. Komoot kuwa, wadda masu keke a Turai ke so, sai da intanet take tsara hanya, kuma ajiye taswirorinta yana kai mutum ga biyan kuɗi da katin banki. Don haka guda biyu muke ba da shawara, Organic Maps da OsmAnd.

Organic Maps kyauta ce, ba talla, ba rajista. Ta fito a 2021 daga hannun mutanen da suka fara gina Maps.me, kuma ba ta da nauyi, ko ƙaramar itel tana ɗaukarta. Ka zaɓi wuri, ka danna alamar keke, ta zana maka hanya. OsmAnd ta fi ta zurfi nesa ba kusa ba, amma menu ɗinta yana da yawa, sai an zauna an koya. Ta kyauta tana ba da damar sauko da taswira sau 7 kawai, kuma sabunta taswira ma yana cikin lissafin, saboda haka kada a ɓarnatar. Wanda tafiyarsa ta gudron ce, Mirriya ko Takeita ko hanyar Magarya, Organic Maps ta ishe shi. Ku da kuke kutsawa daji, OsmAnd ce taku.

Wajen saukowa a buɗe ido, don Niger da Nigeria suna maƙwabtaka a jerin ƙasashe kamar yadda suke a ƙasa, kuma an sha sauko da wadda ba ita ake nufi ba. In akwai wifi a yi amfani da shi. Bayan an gama, a sa wayar a mode avion tun ana gida, a nemi hanya daga Kasuwar Dole zuwa Mirriya. In ta fito, aiki ya yi. Sunayen garuruwa kuma da rubutun Faransanci suke a ciki: Mirriah, Takiéta, Matamèye, Gouré, Tanout. Wanda ya rubuta Gure ko Matamai zai iya tashi hannu wofi.

Tambaya daga wani malamin makaranta da ke zuwa aiki ƙauye da keke: Na saka irin wannan manhaja, sai ta nuna mini gajeriyar hanya da ta jefa ni cikin rairayi, na yi ta turin keke har rana ta take. Shin in canza wata?

Malam, canzawa ba za ta yi magani ba. Organic Maps, OsmAnd da Maps.me duka daga rijiya ɗaya suke ɗibar ruwa, wato OpenStreetMap, taswirar da aka fara a Ingila a 2004, wadda ƴan sa-kai ke zanawa. Cikin gari da manyan hanyoyi zanen yana da kyau. Amma turbobin ƙauye da yawa daga hoton tauraron ɗan'adam aka kwafe su, wanda ya zana bai taɓa taka su ba. Daga sama layi kawai ake gani. Ba a sanin ko tsandauri ne, ko jar ƙasa mai gargada, ko rairayin da amalanken shanu kaɗai ke iya ratsawa. Idan ba a rubuta irin ƙasar hanya ba, manhajar sai ta ɗauka duk ɗaya ne ta zaɓi mafi kusa. Lokacin isa da take nunawa ma kada ka dogara da shi da zarar ka sauka daga gudron.

A OsmAnd akwai abin yi. Ka zaɓi yanayin keke, ka shiga saitin hanya ka kunna zaɓin kauce wa hanyar da ba gudron, sannan a saitin taswira ka kunna nunin irin ƙasar hanya. Inda aka san ƙasar za ta nuna, inda ba a sani ba kuma ka san sai ka yi tambaya. Babu manhajar da ta san kwarin da ya kawo ruwa a watan Agusta, ko turbar da manoma suka shuke da damina, ko wurin da tsidau ke fasa taya. Wannan sai mutanen ƙauyen.

Maganin da ya fi shi ne ka yi taswirar kanka. Ranar da wani ɗan gari ya raka ka ta hanya mai kyau, ka kunna ɗaukar sawu kafin ku tashi, ka tsayar da shi idan kun isa. Wayar za ta ajiye sawun a fayil ɗin da ake kira GPX, ɗan ƙarami ne ƙwarai. Gobe sai ka buɗe shi ka ce manhajar ta bi shi. Ana tura shi ta WhatsApp a matsayin takarda, abokin tafiya ya buɗe da tasa manhajar. Kana tafe kuma ka riƙa danne yatsa a kan taswira kana sa alama wurin rijiya, mai faci da likita.

Tambaya daga wani mai kai saƙo a Sabon Gari: Da na ɗaura wayar a kan keke sai ta yi zafi, batir ya zube kafin azahar. Mene ne laifin?

Ba GPS ne ke shanye batir sosai ba, allo ne, musamman a rana da yake ƙure haskensa. Na biyu shi ne neman rezo: inda sigina ta yi rauni wayar tana ƙara ƙarfi tana lalube. Ka sa mode avion, ka bar Localisation a kunne, ka kashe allo ka bar murya ta riƙa faɗa maka kwana, ko ka duba sai a mararraba.

Zafi kuma ba abin wasa ba ne. Kamfanonin waya irin su Apple suna cewa a yi amfani da ita tsakanin digiri 0 zuwa 35, alhali a Damagaram watan Afrilu da Mayu ana haura 40 a inuwa. Waya a kan sitiyarin keke, cikin jakar leda mai rufi, ana kuma yi mata caji, dole ta rage haske ko ta ƙi karɓar cajin, batirin kuma ya tsufa da wuri. Gara aljihun riga ko jaka mai haske, a yi caji lokacin hutu a inuwa. Bankin caji na 10,000 mAh ba ya cika waya mai 5,000 sau biyu, kusan sau ɗaya da rabi ne, don ana asara wajen juya wutar. Da hunturu a toshe ramin caji saboda ƙura.

Tambaya: Sawun da nake ɗauka yana yankewa, kibiyar kuma tana juyi kamar ba ta san gabas ba.

Yankewar daga tsarin tattalin batir take. Wayoyi da yawa suna kashe manhajar da ke aiki a ɓoye da zarar allo ya mutu. Ka shiga Paramètres, ɓangaren batir, ka cire manhajar daga cikin waɗanda ake taƙaitawa, ka kuma ba ta izinin sanin wuri daidai, ba na kintace ba. In an daɗe ba a kunna GPS ba kuma babu intanet, kamun farko yana iya ɗaukar mintoci, don haka ka tsaya a fili, nesa da rufin kwano, sai ɗigon da ke nuna inda kake ya zauna kafin ka hau.

Juyin kibiya kuwa na kamfas ne, wato abin da ke nuna wa wayar gabas da yamma. Ka riƙe wayar ka zana lamba 8 a iska sau uku ko huɗu. Idan abin ɗaura wayar mai maganaɗisu ne, ka canza shi da mai matsewa, don shi ne ke rikita kamfas ɗin.