Amsa: Shin in koyi tayin ƙarfin hali irin na Rixi Markus?

'Yar'uwa, kin ce kin fara wasan birij, wato wasan kati na mutum huɗu da ake yi bibbiyu, kin ji labarin yadda shahararriyar 'yar wasan nan Rixi Markus take yin tayi (faɗin yawan zagayen da kai da abokinka za ku ci kafin a fara buga kati) ba tsoro, kina tambaya ko ki bi salonta. Shawarata ita ce ki dakata tukuna.

Rixi ta taso a Biyana, babban birnin Ostiriya. Tana cikin tawagar matan Ostiriya da ta ci gasar Turai a 1935 da 1936, ta kuma ci ta duniya a 1937. Da Hitila ya haɗe Ostiriya da Jamus a 1938, ita kuwa Bayahudiya ce, sai ta gudu Landan, ta sake gina suna daga tushe. Ita da abokiyar wasanta Fritzi Gordon, wadda ita ma daga Ostiriya ta tsero, sun ci gasar duniya ta mata bibbiyu a 1962, suka maimaita a 1974. A tsakani, a 1964, tawagar matan Birtaniya ta ci Olimfiyad, wato gasar birij ta duniya tsakanin tawagogin ƙasashe, da su a ciki.

Tayinta mai zafi shi ake yawan ambata, amma abin da ya ɗaukaka ta shi ne iya sarrafa katin bayan an gama tayi. Na daɗe a wasan nan, kuma na sha zama da sababbin 'yan wasa masu kwaikwayon zafin kawai. Mutum zai kai tayi sama, a shimfiɗa katin abokinsa a tebur, sai ka ga hannunsa ya tsaya cak a kan kati ɗaya, bai san nawa suka rage ba. Rixi takan kai kanta wuri mai wuya ne saboda ta san za ta iya fita.

Don haka ki fara da ƙirga. Kowa na riƙe da kati 13, kowane iri daga cikin ire-iren kati huɗu ma 13 ne. Duk zagayen da aka buga, ki lura wa ya kasa bin irin da aka jefa, ki riƙe lissafin a kai. Kafin ki taɓa katin farko, ki ƙirga cin da kike da tabbacinsa, ki nemo inda sauran za su fito.

Sai kuma abokiyar wasa. An san Rixi da Fritzi ba aminan juna ba ne a wajen tebur, amma kowacce ta san abin da tayin ɗayar yake nufi. Ki samu wadda za ku daɗe tare, ku riƙa bitar hannayen da kuka buga bayan an tashi, ba a gaban abokan hamayya ba.