Tambayoyi da amsoshin lafiya: na'urar shokin da yaron da ke buga kansa da bango

Tambaya: Likita, ni malami ne a makarantar yara masu buƙata ta musamman a Kano. Na ji an ce a Amurka akwai makarantar da ake jona wa ɗalibai wutar lantarki idan sun yi abin da ba a so, kuma masu nakasa na fafutukar a hana. Da gaske ne, ko ƙarin gishiri ne?

Amsa: Malam, da gaske ne, kuma ba abin da aka ƙara. Sunan wurin Cibiyar Judge Rotenberg, tana garin Canton a jihar Massachusetts. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Matthew Israel, ya kafa ta a 1971. Mafi yawan waɗanda ake kai wa can masu larurar otizim ne, wadda wasu ke kira galahanga, da masu tawayar fahimta waɗanda ke cutar da kansu ko wasu.

Na'urar da suke amfani da ita ana kiranta GED. Ɗalibi yana goye da batirinta a jaka, an manna masa wayoyi a hannu, ƙafa ko ciki. Ma'aikaci yana riƙe da rimot. Idan ya ga halin da aka hana, sai ya danna, wuta ta ja ɗalibin na daƙiƙa 2. An ƙera ta ne don ta yi zafi, zafin shi ne aikinta.

Abubuwa biyu suka tona asirin wurin. A 2007 wani ya buga waya ɗaya daga cikin gidajen kwanan cibiyar da dare, ya yi ƙaryar shi shugaba ne, ya ba da umarni. Ma'aikata suka tashi samari biyu daga barci, suka ja wa ɗaya wuta sau 77, ɗayan sau 29. Sannan a 2012 aka nuna wani bidiyo na 2002 a kotu: saurayi ɗan shekara 18, an ɗaure shi a kan katako, an ja masa wuta sau 31 cikin kusan awa 7. Mafarin abin kuwa ƙin tuɓe rigar sanyi ne da ya yi. Israel ya sauka daga shugabanci a 2011 bayan an tuhume shi da lalata faifan abin da ya faru a 2007.

Wakilan Majalisar Ɗinkin Duniya kan azabtarwa, Manfred Nowak a 2010 da Juan Méndez a 2013, duk sun sa abin a sahun azabtarwa. Masu nakasa da kansu ne suka riƙe ragamar yaƙin, musamman ƙungiyar masu otizim ta ASAN da ƙungiyar ADAPT, wadda a 2018 mambobinta, da yawansu a kan keken guragu, suka yi kwanaki suna zaman dirshan kusa da gidan shugaban hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA. A watan Maris na 2020 hukumar ta haramta na'urar, karo na uku ke nan kacal a tarihinta da ta haramta wata na'urar asibiti. A Yulin 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta soke haramcin, bisa dalilin cewa doka ba ta ba hukumar ikon hana na'ura don wani amfani ta bar ta don wani ba. Kotun ba ta ce na'urar ba ta da illa ba, a lura da wannan. Majalisar dokoki ta gyara dokar a ƙarshen 2022, kuma a Maris na 2024 hukumar ta sake gabatar da ƙudurin haramcin. A lokacin mutum kusan 50 ne ke ƙarƙashin tsarin na'urar.

Tambaya: Likita, yayata tana kwance a asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa, ta daina ci ta daina magana. An ce za a yi mata magani da wutar lantarki. Shi ne wannan abin da ake cewa azaba ne?

Amsa: 'Yar uwa, ki kwantar da hankalinki, ba shi ba ne. Wanda ake nufi ga yayarki magani ne da aka fara a Italiya a 1938, likitoci na kiransa ECT. Yadda ake yinsa daidai a yau, ana sa wa mara lafiya maganin barci da na sassauta jijiyoyin nama, don haka ba ta jin komai. Ana yinsa ga matsanancin baƙin ciki da irin sandarewar da kika kwatanta, kuma yakan ceci rai idan ƙwayoyi sun gaza. Illarsa da aka fi sani ita ce mantuwar abubuwan da suka faru kusa da lokacin maganin, da ciwon kai. Ki tambayi likitanta abu biyu kafin a sa hannu: za a sa maganin barci? Zama nawa aka tsara? Haƙƙinku ne a yi muku bayani ku amince tukuna.

Tambaya: Likita, ɗana shekararsa 9, ba ya magana. Yana buga kansa da bango har goshinsa ya yi kanta, yana cizon hannunsa har jini. Dangi sun ce in riƙa zane shi, wasu sun ce in kai shi gidan mari. Wallahi na gaji. In da wannan na'urar tana nan, da ban san abin da zan ce ba. Idan tana hana yaro fasa kansa, ina laifinta?

Amsa: Maman yaro, sannu da ƙoƙari. Ban ga laifinki ba da kika yi wannan tunani. Wasu iyayen ɗaliban waccan cibiyar ma haka suke faɗa, su ne kan gaba wajen kare ta a kotu, suna cewa an kori 'ya'yansu daga ko'ina, nan kaɗai aka karɓe su. Na yarda da gajiyarsu. Amma ban yarda da maganin ba, kuma ga dalilina.

Yaron da ba ya magana, jikinsa ne bakinsa. Buga kai saƙo ne. Zafi, ko na wuta ko na bulala, yana iya tsayar da hannun yaro na ɗan lokaci, amma abin da ya sa shi bugawa yana nan daram. Shi ya sa ake samun waɗanda suka shafe shekaru goye da na'urar, kuma da jikinsu ya saba aka ƙera wata mai ƙarfi fiye da ta farko. Da FDA ta auna bincike, ba ta sami hujja mai ƙarfi cewa na'urar tana kawo gyara mai ɗorewa ba, ta kuma lissafa ƙunar fata, fargaba, baƙin ciki, firgicin da ke bin mutum bayan azaba, har da ƙaruwar halin da ake son hanawa. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ake yi wa ba zai iya buɗe baki ya ce ya isa ba.

Fara da neman ciwo. Sau da yawa yaron da ke buga kai kunnensa ne ke ruwa, ko haƙori ya ruɓe, ko bayan gida ya taurare masa kwana da kwanaki, ko ƙwannafi ke damunsa. Farfaɗiya ma ta fi yawa a yara masu otizim, kuma ba kullum take zuwa da faɗuwa da kumfa ba. Ki kai shi wurin likitan yara a duba kunne, baki da ciki, musamman idan bugun ya ƙaru kwatsam.

Sannan ki samu ɗan littafi. Na mako 2, duk lokacin da ya buga kai ki rubuta lokacin, abin da ya faru kafin nan, da abin da kuka yi masa bayan nan. Za ki sha mamakin abin da zai fito. Wani yaron sai an kunna injin niƙa ko janareta yake yi. Wani sai yunwa ta kama shi. Wani ya gane cewa idan ya buga kai ana ƙyale shi da wanka. Da kin gano abin da yake nema, sai ki koya masa hanya mai sauƙi ta neman sa: hoton kofi ya nuna idan yana son ruwa, ko ya ɗaga hannu idan yana son a bar shi. Duk lokacin da ya yi amfani da alamar, ki biya masa nan take, don ya ga ta fi bango saurin aiki. Abin na ɗaukar makonni, wani lokaci watanni, kuma sai duk gidan sun bi hanya ɗaya.

Kafin nan ki kare shi. Ki jingina katifa ko filo a inda ya saba bugawa, ki yanke masa farce, ki ba shi abu mai tauri mai tsabta da zai ciza maimakon hannu. Akwai magunguna irin su risperidone da likitan ƙwaƙwalwar yara kan rubuta idan abin ya tsananta, amma suna sa ƙiba da barci, don haka kada ki saya a kemis da kanki. Idan bayan bugu ya yi amai, ko barci mai nauyi ya kama shi, ko kin ga yana laluben abu kamar ba ya gani, ku tafi asibiti a ranar.

Gidan mari kuwa, don Allah kada ki kai shi. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, mutum sama da 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka, ciki har da ƙananan yara. Najeriya tana da dokar hana nuna wariya ga masu nakasa tun Janairun 2019, da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023. Idan dangi suka matsa, ki tafi da ɗaya daga cikinsu wurin likitan, ya ji da kunnensa, ki kuma riƙe littafin nan naki a hannu.