Ma'anar "skating on thin ice"

Ka ce oganka a ofis ya ce maka "you are skating on thin ice", kana son sanin abin da yake nufi. Gargaɗi ne, malam: ƙiris ya rage ka jefa kanka cikin matsala. A ƙasashen sanyi irin su Kanada, tafki kan daskare da hunturu har mutane su riƙa zamiya a kansa. Inda ƙanƙarar ba ta yi kauri ba, sai ta fashe mutum ya zurma cikin ruwa.

Abin da na lura a wurin aiki, ba a faɗa wa mutum haka sai an gaji da yi masa uzuri, musamman kan yawan latti. Ko da murmushi ya faɗa, kada ka ɗauka wasa ne. Gobe ka riga shi isowa.