Na'urar nuna hanya ɗaya ga babur da mota: amsar maigida ga yaronsa

Ka ce mutum yana da babur yana da mota, yana son na'urar nuna hanya guda ɗaya da zai riƙa cirewa daga wannan ya maƙala a wancan, wacce za mu ce ya saya? To ajiye sifanar nan ka saurara, yaro, don wata rana za a yi maka wannan tambayar ba na kusa.

Ka ce masa ya sayi ta babur. Ta babur tana zama a mota lafiya lau, ta mota kuwa ba ta jure babur. A cikin mota na'ura tana zaune a inuwa, ruwa bai taɓa ta, ƙura kaɗan ce, jikin motar kuma ya shanye mafi yawan girgizar hanya. A kan babur duk abin da ya sami mai tuƙi ya same ta, ga rana ga ruwa, ga karkarwar inji da ba ta tsayawa sai an kashe. Saboda haka wurin da ya fi wahala shi ake yi wa sayayya, motar sai ta bi baya.

Kada mai sayarwa ya ruɗe ka da zancen tauraron ɗan'adam. Dukkansu taurari ɗaya suke saurara. Na GPS mallakar Amurka ne, suna shawagi a nisan kilomita kusan 20,200, kuma na'ura tana buƙatar ta ji aƙalla guda 4 kafin ta san inda take. Da yawa daga cikin na yanzu suna haɗawa da Galileo na Tarayyar Turai ko GLONASS na Rasha, abin da ke taimakawa tsakanin dogayen gine-gine ko cikin kwazazzabo. Saƙon kyauta yake saukowa, ba ya cin data. Bambancin ta babur da ta mota a gangar jiki yake, can za ka duba.

Fara da ruwa. Juya kwalin ka nemi IPX7. Ma'anarsa na'urar za ta iya nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30 ba ta lalace ba. In ka ga IPX4, wannan fantsama kawai take jurewa, ruwan sama mai duka a kan gudu zai iya samun hanyar shiga. Kuma ka gaya wa mai ita cewa IPX7 ba lasisin harba mata ruwan injin wanki ba ne, sannan in murfin robar da ke rufe ramin caji yana buɗe, lambar nan ba ta da amfani.

Sai allon. Abu biyu nake gwadawa. Ina fita da ita tsakar rana in ga ko taswira na karantuwa, don allon na'urar mota yakan dushe a rana har ka rasa inda layin yake. Sannan ina sa safar hannu in danna. Mai babur ba zai tsaya cire safa a kowace kwana ba, shi ya sa ake yi wa na babur allo mai jin safa da manyan madannai. Girma kuma ya danganta da babur ɗin. TomTom Rider 550 inci 4.3 ce, Garmin zumo XT da ta fito a 2020 inci 5.5, XT2 ta 2023 inci 6. Babba ta fi daɗi a mota, amma a ƙaramin babur sai ta rufe agogon gudu. Ka ɗora ta, ka murɗa kan babur ɗin har ƙarshe dama da hagu, ka tabbata ba ta bugun tanki ko gilashi.

Yanzu ga inda namu aikin yake, wato mazauni da wuta. Na'urar babur ta gaskiya ba ta shan wuta ta ramin USB a lokacin tafiya. Tana da mazauni mai ƴan haƙoran ƙarfe da ke taɓa bayanta, tana shiga ta ce ƙaras ta kulle. Dalili kuwa, in ka bar filogi a cikin rami babur na karkarwa, a hankali dalmar da ke riƙe da ramin a ciki take tsagewa, wata rana sai ta daina caji, ga kuma ƙofa da ka buɗe wa ruwa. Bayan mazaunin yawanci akwai ramuka 4 na noti da suka dace da ƙwallon maƙalawa na kamfanin RAM mai inci 1, wani ƙwallon irinsa kuma ake ɗaurawa a ƙarfen kan babur ko a gindin madubi. Ka sa gajeren hannu tsakanin ƙwallo da ƙwallo. In hannun ya yi tsawo, rawar allon ta ƙaru.

Wutar babur bolt 12 ce a suna, in inji na aiki takan hau 14 da ɗoriya, na'urori da yawa kuma 5 suke so. In ka ga ɗan ƙulli a jikin wayar wutar da ta zo da ita, yawanci shi ke rage wutar, don haka kada ka kuskura ka yanke shi wai don wayar ta yi maka tsawo. Naɗe ragowar ka ɗaure a ƙarƙashin kujera. Kada kuma ka jona kai tsaye a kan batir. Wasu daga cikin waɗannan ƙulle-ƙullen suna tsotsar wuta kaɗan-kaɗan ko na'urar ba ta kai, batirin babur kuma ƙarami ne, in aka ajiye shi kwana biyu sai a zo ya ƙi tashi, kai za a zaga. Ɗauki mitar gwajin wuta ka nemi layin da ke kawo wuta sai an murɗa makulli, ka ɗauka daga nan, ko ka sa rile, wato ɗan makunnin da ke sakin wutar batir sai an murɗa makulli. Fiyus ya zauna kusa da inda ka ɗauki wutar, girmansa daidai da abin da takardar na'urar ta ce. Wayar ta bi inda sauran wayarin suka bi, nesa da salansa da kan inji, ka bar mata ɗan sassauci a wuyan babur don kada ta tsinke wajen juyawa. Ranar da na'urar ke mota, haƙoran nan a fili suke, sai a rufe su da murfinsu, in ba haka ba su yi kore su daina ba da wuta.

Ɓangaren mota ba shi da wuya. Mazauni na biyu ake buƙata mai robar da ke mannewa a gilashi, da wayar da ke shiga ramin caja. Wani kwalin yana zuwa da su, wani sai an saya daban, ka buɗe ka gani kafin mutum ya biya. Ka duba ko tana da lasifika a jikinta, don a babur ta Bluetooth take magana zuwa cikin hular kwano, irin na'urorin Sena ko Cardo, a mota kuwa ba wanda zai sa kwano. Wasu motocin gilashin gabansu na da shafen ƙarfe na kare zafi wanda ke raunana saƙon tauraro. In ta daɗe tana lalube, matsa da ita kusa da madubin tsakiya, nan ake yawan barin wurin da ba shafe. Kuma kada a bar ta manne a gilashi cikin rana mota a rufe, zafi na kashe batirinta, ɓarawo kuma na gani.

Abin da mutane ke mantawa shi ne canja mata nau'in abin hawa. In tana kan tsarin babur, musamman in an kunna mata zaɓin hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe, za ta kwashi mota da iyali ta bi da su ta duwatsu. Ka nuna wa mai ita inda ake canjawa. Ka kuma tabbatar taswirar ƙasar da zai yi yawo tana ciki, don yanki-yanki ake sayar da su, sannan ka ga ko tana karɓar fayil ɗin GPX, da shi masu doguwar tafiya ke tura wa juna hanya.

Za ka ce me ya hana ya yi da wayar salularsa? A mota ba abin da ya hana, taswirar waya ma ta fi sanin cunkoso. A babur ne nake ja da baya. A 2021 kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗin cewa karkarwar injin manyan babura na iya lalata abin da ke daidaita kyamarar iPhone. Ga rana da ke sa waya ta yi zafi ta rage haske, ga ɗigon ruwa da ke danna allo da kansa. Mai ɗan zagaye cikin gari zai iya sa mazauni mai robar shanye girgiza ya wadatu. Wanda ke yini a hanya, kuma wayar nan ita ce abin kiran taimakonsa in ya faɗi, gara ta zauna a aljihu.

Kafin ka miƙa aiki, kunna makulli ka ga na'urar ta tashi da kanta, kashe ka ga ta daina caji, tayar da inji ka ba shi wuta kana kallon alamar cajin ko tana ɗaukewa. In ta ɗauke ko sau ɗaya, koma kan haƙoran mazauni da inda ka jona.