Likita Ya Amsa: Idan Bugun Zuciya Ya Kauce Hanya

Likita, sau nawa zuciya ke bugawa a minti ɗaya? (Wani ɗalibi, Zariya)

Ga baligi yana zaune yana hutawa, 60 zuwa 100.

Goro da shayi suna sa gabana faɗuwa. In daina? (Wani direba, Maraɗi)

Rage su, Malam. In abin bai lafa ba, je a yi maka gwajin ECG, wato gwajin da ke zana yadda zuciya ke bugawa.

Ƙanwata takan ji zuciyarta na dukan uku-uku haka kawai, har jiri ya kwashe ta. An ce iska ce, an yi ta hayaƙi. A asibiti sun ce za a ƙona wani wuri a zuciyarta, kawunmu kuma ya ce in ƙuna ce wanzami ma ya iya sakiya. (Wata baiwar Allah, Katsina)

Don girman Allah, 'yar'uwa, kada a bari ƙarfe mai zafi ya taɓa ƙirjinta! Na ga matar da aka kawo da ƙirji duk tabon sakiya, gyambo ya ruɓe, zuciyar kuwa na nan tana gudunta. Abin yana ƙona min rai.

Ba iska ba ce. Zuciya tana da wutar lantarki tata, wadda ke tasowa daga wani ɗan gurbi a samanta ta ɓangaren dama. Wani lokaci akan sami ɓarauniyar hanya, wutar ta yi ta zagaye a kai, bugun ya haura 150.

Kafin a ƙona komai sai an gano wurin. Akan zura siraran wayoyi ta jijiyar jini a matsematsi har cikin zuciya, suna sauraron wutar gurbi bayan gurbi, kwamfuta na zana taswira mai launuka. Likita kan ma tayar da bugun da gangan don ya ga inda ya faro. Sannan a kashe ɗan wurin da zafi ko da sanyi, milimita kaɗan, ba tare da an tsaga ƙirji ba. Ina wanzami zai ga wannan taswirar? A irin wannan lalurar, fiye da 90 cikin 100 kan rabu da ita, ko da yake aikin ba ya rasa haɗarin zubar jini.

Ku koma wurin likitan zuciya. In ta suma, ko ƙirji ya riƙe, ko numfashi ya gagara, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare.

An yi wa babana aikin saboda bugun da ba shi da tsari. Ya ajiye maganin tsinka jini? (Wani magidanci, Kumasi)

A'a, sai likitansa ya ce. Wannan ciwon kan ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau 5. In baki ya karkace ko magana ta sarƙe, a garzaya da shi asibiti.